Yadda na haɗa wa sitonmu manhaja ba tare da na iya kodin ba

Tun ranar da aka ji cewa ni na haɗa manhajar da muke amfani da ita a sito mutane ke ta tambayata wai yaushe na koyi kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni da harshenta. Ban koya ba, har yau ɗin nan ban iya ba. Aikina lissafi ne da takardu, abin da na iya da gaske a kwamfuta shi ne Excel, shi kam na daɗe a cikinsa, VLOOKUP da SUMIF ko daga barci aka tashe ni zan rubuta su. To bari in ɗauko labarin tun daga tushe, saboda duk wanda zai bi hanyar nan ya san inda ramukan suke.

Kamfanin da nake aiki gyaran famfunan ruwa yake yi da injinan sanyaya wuri na manyan gine-gine. Muna da makanikai masu fita aiki kullum, sannan akwai sito guda inda ake ajiye kayan gyara, su boris, bawul, fiyus, kafasita, bel da sauransu. Tsarin da na tarar shi ne makaniki ya cike takarda, ya kai wa shugaban sashe ya sa hannu, ya kai sito a ba shi kaya, mai sito ya rubuta a babban littafinsa, ƙarshen mako kuma a kwaso takardun nan a jibge min a tebur in shigar a Excel. Wata takardar ta ɓace, wata ta sha baƙin mai har lambar ba ta karantuwa, wani lokacin shugaban sashe baya nan sai a ba da kaya da baki a ce a cike daga baya, kuma yawanci ba a cikewa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar da wani makanikinmu ya kira daga wurin aiki yana neman boris, na duba Excel na ce masa akwai guda shida, ya baro aikin ya dawo, aka duba kanta babu ko ɗaya. Ginin nan sai da ya kwana biyu babu ruwa, kuma bakina ne ya faɗi "akwai".

Washegari na je wurin 'yan IT ɗinmu, su biyu ne kacal, nace don Allah a yi mana wata manhaja ko yaya take. Babban cikinsu ya nuna min jerin ayyukan da ke gabansu, yace gaskiya bana kam ba zai yiwu ba. Ina shirin fita sai ƙaramin yace "Malam, kai da ka iya Excel haka, me zai hana ka gwada lo-kod? Fomula ce fa kawai, irin taka."

Ranar na fara jin kalmar. Ma'anarta dai ƙarancin kod, wato dandali ne da zaka shiga ka gina manhaja ta hanyar jawo abubuwa kana ajiyewa a kan allo, maɓalli nan, akwatin rubutu can, jerin zaɓi a ƙasa, sai ka haɗa su da inda bayananka suke, inda ake buƙatar dabara kuma ka rubuta 'yar gajeriyar fomula. Masu bincike na kamfanin Forrester ne suka raɗa sunan a 2014, amma abin ya girmi sunan sosai, duk wanda ya taɓa haɗa fom a Microsoft Access, wanda ya fito tun 1992, ya riga ya ɗanɗana irinsa. Bambancin na yanzu shi ne komai a intanet yake zaune, kuma abin da ka gina yana buɗewa a waya.

Na ɗauki kamar sati biyu ina leƙe-leƙe. Na ga manya irin su OutSystems, wanda aka kafa a Fotugal a 2001, da Mendix na ƙasar Holan wanda Siemens ta saya a 2018, amma daga ganin yadda suke magana kasan da manyan kamfanoni masu rundunar injiniyoyi suke, ba da mutum ɗaya mai son gyara sito ba. AppSheet kuwa, wanda Google ta saya a farkon 2020, na gwada shi wata Asabar kuma wallahi ya burge ni, ka nuna masa takardar Google Sheets kawai sai ya karanta kawunan ginshiƙan ya fito maka da manhaja tsaf. Da a ce bayananmu a wurin Google suke da shi zan ɗauka. To amma mu duk ma'aikatanmu da akawun ɗin Microsoft 365 suke shiga imel, kuma lasisin da muke da shi ya riga ya ba mu damar yin amfani da Power Apps, wato dandalin lo-kod na Microsoft, muddin a kan mahaɗan yau da kullum muka tsaya, wato hanyoyin haɗa manhaja da inda bayanai suke, irin su Outlook da SharePoint, wurin ajiye jerin bayanai na Microsoft a intanet. Babu sabuwar kalmar sirri da zan ɗora wa makanikai, babu takardar neman kasafi da zan kai sama. Shi ya raba gardamar. Shawarata ta farko kenan ga kowa, kar ka fara da tambayar wanne ya fi kyau, fara da ina bayananka suke zaune yanzu, kuma da wane akawun mutanenka ke shiga.

Daren farko na zuba jerin kayanmu daga Excel zuwa SharePoint, na danna inda aka ce a gina manhaja daga bayanai, ko minti biyu ba a yi ba sai ga shafuka uku, na dubawa, na ganin bayanin abu ɗaya, da na gyarawa. Na buɗe a wayata, na ga boris da bawul ɗinmu suna gudu a ƙarƙashin yatsana. Ba zan ɓoye ba, daren nan na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa a wurin aiki ba, har na ce a raina nan da Juma'a an gama. Wata huɗu ya ɗauke ni, kuma a cikin wata huɗun nan jawo maɓallai bai ci min ko kashi ɗaya cikin goma na lokacin ba.

Abin da ya fara tsayar da ni bayanan ne kansu. Shekara da shekaru ina kwafe abin da aka rubuta a takarda yadda aka rubuta shi, to ashe abu ɗaya yana da suna huɗu biyar a cikin Excel ɗina. Wani ya rubuta "boris 6204", wani "6204 boris", wani "boris ƙarami", wani lambar kawai. A Excel idona ke gane su, na san abu ɗaya ne sai in wuce, amma ita manhaja ba ta san haka ba, kowane layi abu ne daban a wurinta. Sai na zauna na haɗe su da kaina, duk inda na ga 6204 na mai da shi layi ɗaya, na ji na yi ƙoƙari, na buga na kai wa mai sito ya duba.

Mai sitonmu dattijo ne, ya fi shekara ashirin a wurin, Baba muke ce masa duka. Ya sa tabarau ya bi takardar da yatsa a hankali, da ya zo kan 6204 sai ya tsaya, bai ce komai ba ya tashi ya shiga ciki ya dawo da kwali uku ya jera min a kan kanta. Ya buɗe na farko, boris ne buɗaɗɗe kana ganin ƙwallayen ciki. Na biyu an rufe gefensa biyu da farantin ƙarfe, a jikin kwalin an rubuta 6204-ZZ. Na ukun bakin roba ne baƙi gaba da baya, 6204-2RS. Yace "Ɗana, girmansu ɗaya amma ba aikinsu ɗaya ba. Mai robar nan shi muke sawa inda ruwa da ƙura ke kaiwa. In ka ba yaro buɗaɗɗen ya sa a can, ba a jima ba zai dawo." Na tsaya ina kallon kwalayen nan uku, na gane da na saki manhajar a haka da na mai da kuskuren da mutum ɗaya kan yi jefi-jefi ya zama kuskuren kowa kullum. Da ɗan gari akan ci gari. Daga ranar, kullum bayan an tashi aiki nakan ɗauki kwamfutata in shiga sito, ni ina karanta suna shi yana ɗauko abin, har muka bi kaya wajen dubu da ɗari uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne muka ba shi lambar shaidarsa wadda ba ta canzawa ko da an canza suna. Sati uku muka yi a haka. Ba kodin a ciki ko layi ɗaya, amma in aka tambaye ni yau wane ɓangare ne ainihin ginin manhajar, wannan zan nuna.

A nan ne kuma na koyi raba bayanai gida-gida. Da a Excel komai a shafi ɗaya nake zubawa, sunan makaniki, sunan kaya, wurin aiki, adadi, duk a layi guda. Yanzu sai na yi jeri huɗu, na kaya, na wuraren aiki, na buƙatu, da na motsin kaya wato shiga da fita, kowanne yana nuna ɗan'uwansa da lambar shaida. In sunan abu ya canza wuri ɗaya zan gyara.

Fomulolin kuwa ba su ba ni wahala ba, gaskiyar ƙaramin ɗan IT ne. Harshen sunansa Power Fx, da gangan aka yi shi ya yi kama da na Excel, If ɗin nan dai da ka sani, LookUp ɗan'uwan VLOOKUP ne, Filter na tace layuka, Patch kuma shi ke rubuta abu a cikin jeri. Cikin kwana kaɗan hannuna ya faɗa.

Sai muka fara gwaji da makanikai uku. Kwana na biyu ɗaya daga cikinsu yace shi fa ba ya tuna farkon sunan abu, abin da ke kansa shi ne "2RS" ko "inci biyu", a bar shi ya rubuta kowane yanki na sunan. Akwatin neman da manhajar ta zo da shi StartsWith yake amfani da shi, wato sai ka fara daga farkon suna. Nace wannan mai sauƙi ne, na canza shi zuwa Search. Nan take wata 'yar alama mai kusurwa uku ruwan ɗorawa ta fito a gefe, aka ja layi a ƙarƙashin fomular. Na gwada na ga yana aiki, na nemi abu biyar duk sun fito, sai na share gargaɗin na fitar da sabuwar sigar. Laifina ne ɗari bisa ɗari, an gaya min ban karanta ba.

Bayan kwana uku makaniki ya kira, yace manhaja ta ce babu wani bawul, alhali yana tsaye a sito yana kallonsa a kan kanta. Gabana ya faɗi, domin wannan shi ne ainihin ciwon da na zo magancewa, sai dai an juya shi. Na zauna daren nan na karanta bayanin gargaɗin daga farko har ƙarshe, kuma ina roƙon duk mai shirin shiga harkar nan ya fahimci wannan tun kafin ya fara. Manhajar da ke wayarka ba ta ɗauko duk bayanan, in ka nemi abu tana miƙa tambayar ne ga uwar garke, wato babbar kwamfutar da bayanan ke zaune a kanta, can a tace a turo mata amsa kawai. To akwai tambayoyin da rumbun bayanan ya san yadda zai amsa, akwai waɗanda bai sani ba. In ka yi irin ta biyun, sai manhajar ta ɗauko layuka 500 na farko ta yi tacewar da kanta a cikin wayar, abin da ke layi na 501 zuwa sama kuwa kamar babu shi a duniya. SharePoint ya san StartsWith, bai san Search ba. Abubuwa biyar da na gwada duk a farkon jerin suke, bawul ɗin nan kuwa yana can wajen layi na ɗari takwas. Kuma ba za a ce maka an samu kuskure ba, amsa za a ba ka sumul, sai dai guntuwa ce.

Ana iya ɗaga iyakar daga 500 zuwa 2000 a saituna, shi ne ƙarshenta. Ga jerin kayanmu wannan ya isa tunda ba su kai dubu biyu ba kuma ba sa ƙaruwa da sauri. Amma jerin motsin kaya kullum ƙaruwa yake, wata nawa ne zai wuce, don haka duk fomular da ta taɓa shi sai da na sake ta yadda uwar garke ce za ta yi tacewar, na kuma sa fihirisa a kan ginshiƙan da nake tacewa da su, saboda SharePoint ma yana da tasa iyakar ta layuka 5000 a dubawa ɗaya. Wata dabara da na samu a bayanan Microsoft ɗin kansu, lokacin gwaji ka saukar da iyakar nan zuwa 1. Duk wurin da ke da wannan matsala nan take zai tona kansa, don layi ɗaya tal zai nuna maka. Da na yi haka sai ga wurare uku da ban ma san suna da ciwon ba.

Matsala ta gaba ta fi wannan ɓuya. A jerin kaya na sa ginshiƙin "saura nawa", in an fitar da abu manhaja ta karanta adadin, ta debe, ta rubuta sabon. Wata safiya mutum biyu suka nemi fiyus iri ɗaya kusan a daƙiƙa ɗaya, akwai goma, wayar kowannensu ta karanta goma, wannan ya ɗauki biyu ta rubuta takwas, wancan ya ɗauki uku ta rubuta bakwai a kai. A kanta saura biyar, a manhaja bakwai. Baba ne ya kama da yamma da yake kwatantawa da littafinsa. Ni akawu ne, da na zauna na yi tunani sai na ga ai wannan abin mun daɗe da saninsa a lissafi, ba a goge balas a rubuta sabo, shigarwa ake yi layi-layi, balas kuma daga su yake fitowa. Sai na hana wayoyi taɓa adadin kwata-kwata, abin da waya ke yi kawai ta ƙara layi a jerin motsi, "an fitar da biyu", "an shigo da ashirin". Sannan na haɗa wani aiki mai tafiyar da kansa a Power Automate, dandalin Microsoft na irin waɗannan ayyuka, da zarar sabon layi ya shigo ya tashi ya gyara adadin, na kuma saita shi ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, kar biyu su gudana lokaci guda. Tun daga nan ba mu sake ganin irin wannan ba. Kuma ko da adadin ya karkace wata rana, layukan na nan, ana iya sake tarawa daga farko.

Amincewar shugaban sashe ba ta ba ni aiki ba, buƙata na shigowa saƙo zai same shi a Teams ko imel ya danna amincewa ko ƙi daga duk inda yake. Rana ɗaya na gama wannan.

Netwok kuma wani babi ne. Famfunan da muke gyarawa yawanci a ƙarƙashin gini suke, inda waya ba ta kama komai. Makaniki ya buɗe inji ya ga abin da ya lalace, a nan ya kamata ya rubuta buƙata tun lambar tana gabansa, amma manhaja ta tsaya tana juyi. Na koyi amfani da SaveData da LoadData, wato a ajiye buƙatar a cikin wayar tukunna, in ya fito sama netwok ya dawo a tura. Sai kuma wata ta ɓullo, in netwok ya yanke ana cikin turawa mutum ya sake dannawa, buƙata ɗaya ta shigo sau biyu. Maganinta shi ne tun a waya a liƙa wa kowace buƙata wata doguwar lamba ta musamman da fomular GUID ke samarwa, kafin a rubuta a duba ko mai wannan lambar ta riga ta iso. A wannan gaɓar gaskiya na ji na fara taka iyakar abin da ake kira ƙarancin kod, domin fomular maɓallin turawa ta kai layi talatin, kuma sai da ƙaramin ɗan IT ya zauna da ni yamma biyu muka warware ta. Duk wanda yace maka ba za ka taɓa buƙatar mai ilimin abin ba, bai gina abin da mutane suka dogara da shi ba tukunna.

Ƙaramin ɗan IT ɗin ne ma ya nuna min abin da ya fi tayar min da hankali. Na ɓoye maɓallin gyara adadi yadda Baba kaɗai ke ganinsa, ina ganin na kulle ƙofa. Sai ya karɓi wayar wani makaniki da izininsa, bai ma buɗe manhajar ba, ya shiga SharePoint kai tsaye ta burauza, ga jerin nan a buɗe, yana iya canza duk abin da ya ga dama. Yace "Malam, ɓoye maɓalli ba tsaro ba ne. Manhajar da izinin mai riƙe da ita take aiki, duk abin da ta iya taɓawa shi ma zai iya taɓawa ta bayan gida." Muka koma muka gyara izini a kan jerin kansu, jerin kaya makanikai karantawa kawai, jerin buƙatu kowa nasa kaɗai yake gani kuma yake gyarawa. Yace in muna son tsaro mai zurfi, na matsayi-matsayi har kan kowane layi, to Dataverse ne wurinsa, wani rumbun bayanai na Microsoft, amma shi yana cikin abubuwan da ke buƙatar lasisi na daban ga masu amfani, haka ma in za mu haɗa da wani rumbun da ake kira SQL Server. Na ji daɗi da na san wannan da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya, ka san tun farko wane mahaɗi ne ke cikin lasisinka wanne ne ba ya ciki, kar ka gama gini mutane su saba sannan ka gano.

Sai babban 'yan IT ɗin ya yi min tambayar da ban taɓa kawowa a raina ba, yace in gobe ka bar aikin nan fa? Manhajar da sunana take, ayyukan Power Automate duk da akawun ɗina suke gudana, ranar da aka rufe akawun ɗin sito ya tsaya cak kuma babu wanda ya san yadda aka ƙulla abin. Da farko na ɗan ji zafi, kamar ana so a ƙwace min abin da na sha wahala a kai, amma da na kwana da maganar na ga gaskiyarsa, abin ya riga ya tashi daga nawa ya zama na wurin. Suka buɗe wani akawun na aiki wanda ba na mutum ba muka mayar da komai kansa, aka sa su biyun a matsayin masu mallaka tare da ni, na zauna na canza sunayen abubuwa daga su Button7 da Label23 zuwa sunayen da mutum zai gane, na rubuta shafi shida na bayanin wane jeri ke magana da wanne da dalilin kowace doguwar fomula. Muka kuma yi kwafin gwaji daban, ba na ƙara taɓa wadda mutane ke aiki da ita da rana tsaka. Abu ɗaya da ya sha cetona shi ne adanawa daban fitarwa daban, sai ka danna fitarwa mutane ke ganin canji, kuma tsofaffin sigogi na nan, in sabuwa ta ba da matsala ka koma ta jiya.

Ranar da muka buɗe wa kowa ban yi wani dogon taro ba, na bi su ɗaya-ɗaya kowa ya tura buƙata ɗaya a gabana. A nan na ga abubuwan da ba zan taɓa gani daga ofis ba. Maɓallan sun yi ƙanana ga mai sanye da safar hannu, rubutu mai launin toka baya ganuwa a rana, wani dattijo a cikinsu kuma ya kasa gane cewa tura buƙata ba shi ne karɓar kaya ba. Na ƙara girman maɓallan, na mai da rubutun baƙi, na rage akwatunan cikewa daga tara zuwa huɗu, domin biyar ɗin nan ni kaɗai ke son su don rahotona, kuma ashe manhaja na iya cike su da kanta, ta san waye ya shiga, ta san ranar, ta san sashensa. A nan kam lo-kod ya nuna amfaninsa, mutum ya yi ƙorafi da safe kafin azahar gyaran na wayarsa, kuma na lura daga lokacin da suka ga ana jin maganarsu sai suka daina kiranta manhajar Malam suka koma cewa tamu.

Yanzu ta kusa shekara tana aiki. Takardun ƙarshen mako sun ƙare, in abu ya ragu ƙasa da adadin da Baba ya ƙayyade saƙo na zuwa wa mai saye da kansa, kuma in makaniki ya tambaya ko akwai abu baya kirana, wayarsa yake dubawa. Sashen motoci sun zo suna so in yi masu irinta, nace zan taimaka amma da sharaɗin su fara kawo min wanda ya fi kowa sanin aikin a cikinsu mu zauna sati biyu a kan bayanansu kafin a buɗe kwamfuta. Akwai kuma wadda na ƙi karɓa, ta albashi, nace wannan ba ta irina ba ce, a kai wa masu abin.

Baba har yau bai ajiye littafinsa ba. Da farko na yi ta lallaɓa shi ya daina, ina ganin aiki biyu yake yi, yanzu na bari, don duk ƙarshen wata mukan zauna ni da shi, ni da kwamfuta shi da littafi, mu bi kaya masu yawan fita mu kwatanta. Watan jiya bambancin da muka samu fiyus biyu ne, manhaja ta ce an fitar, littafi ya ce an dawo da su. Muka kira makanikin, yace ya dawo da su hannu da hannu ranar da wayarsa ba caji, Baba ya rubuta, shi kuma ya manta bai shigar ba. Maɓallin dawo da kaya yana can shafi na uku ne, ranar Litinin zan dawo da shi shafin farko, kuma zan ba Baba damar shigar da dawowar kaya a madadin duk wanda ya miƙo masa.